Ga Fili, Ga Zagage 41

Masu cewa an yi wa Kipchoge gudu, ku matso kusa, yau da ku nake. Kun daɗe kuna baza maganar nan a majalisa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, kofin shayi a hannu: wai mutumin Kenyan nan bai yi abin a zo a gani ba, wai kowa aka tara wa ƙarti 41 suna jansa, ga mota a gaba tana haska masa hanya, ai zai yi abin da ya yi. Na ji. Ban ce ba ku da gaskiya ko ta sisin kwabo ba, zan ma ba ku rabonku kafin mu tashi. Amma a sauko da kayan ƙasa tukunna, don ba a cinikin biri a sama.

Ranar Asabar, 12 ga Oktoba, 2019, da ƙarfe 8:15 na safe, Eliud Kipchoge ya tashi daga kan wata gada a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya gangara cikin lambun Prater, ya yi ta kai da komo a kan wani miƙaƙƙen titi mai bishiyoyi hagu da dama. Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, kusan nisan Kano zuwa Wudil. Ya gama cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, yana ɗan shekara 34. Kafin wannan safiya babu ɗan Adam da ya taɓa cinye wannan nisa da ƙafa a ƙasa da awa biyu. Kamfanin INEOS ne ya zuba kuɗin, na attajirin Ingilan nan Jim Ratcliffe, wanda daga baya ya sayi hannun jari a Manchester United. Kuɗinsa dai sun yi aiki a Biyana. Na Old Trafford kuwa na bar wa magoya bayan United su ba mu labari, idan zuciyarsu za ta ɗauka.

To ga lissafin, Alhaji, kai da kullum kake ba mu labarin yadda ka riƙa tsere wa sa'anninka a firamare. Kowace kilomita cikin minti 2 da daƙiƙa 50. Kowace mita 100 cikin daƙiƙa 17, sau 422 a jere, ba tsayawa, ba dafa gwiwa. Babban filin ƙwallo daga raga zuwa raga mita 105 ne. Je ka ƙetare shi cikin daƙiƙa 18. Idan ka yi sau ɗaya ba tare da an yayyafa maka ruwa ba, barka, saura 401.

Na san amsarku: "Ai mu ba mu ce mu za mu iya ba, cewa muka yi ja aka yi." Madalla. Sai mu duba jan.

A tseren nesa akan ɗauko wasu 'yan gudu a biya su, a ce su shiga gaba su riƙe wani sauri da aka yi yarjejeniya a kai, idan sun kai inda aka ce sai su koma gefe su bar wa masu neman kambi hanya. Zagage ke nan, irin na gaban dokin sarki, sai dai su nasu sarkin shi ma a ƙasa yake, da ƙafarsa yake tafiya, kuma idan sun gaji an canza su shi ba mai canza shi. Abu biyu suke yi masa. Na farko iska. Mutumin da ke gudun kilomita 21 a awa, ko da ganye ba ya motsi, shi da kansa yake haddasa iskar da ke dukan ƙirjinsa, kuma ture ta yana cin ƙarfi. Tun 1971 wani masanin jikin ɗan Adam a Ingila, Griffith Pugh, wanda ya raka ayarin da ya fara hawa ƙololuwar dutsen Everest a 1953, ya auna wannan. Ya ga cewa mai gudu da irin wannan sauri, idan ya laɓe mita ɗaya bayan wani, iskar shaƙa da jikinsa ke ƙonawa tana raguwa da wajen kashi 6 cikin 100. A gudun awa biyu wannan ba ƙaramin rangwame ba ne. Na biyu kuma kai. Wanda ke gaba shi ke ta duba agogo, shi ke tunanin ko ya yi sauri ko ya yi sanyi, kuma duk wanda ya zarce da daƙiƙa biyar a kilomita ta goma zai biya bashinta da riba a ta talatin da biyar. Na baya kuwa ya kafa ido a kafaɗar na gaba, ya kashe tunani, ya bar ƙafa ta yi aikinta.

A Biyana an kai abin maƙura. Zagage bakwai ne tare da shi a kowane lokaci, biyar a gaba sun jeru kamar harafin V mai buɗe baki ga iska, biyu kuma a bayansa. Kada ku yi dariya, na bayan ma ba ado ba ne: injiniyoyi sun yi ta gwaji suka gano cewa tsayuwar mutum a baya tana gyara yadda iska ke naɗewa bayan mai gudu. Kusan kowace kilomita 5 wata tawaga ta fita, sabuwa ta shigo da hutunta. Motar lantarki tana gaba tana zana koren haske a kan kwalta don kowa ya san inda ƙafarsa za ta sauka. Abin sha kuma a keke ake miƙo masa, ba sai ya karkata zuwa tebur ba. An zaɓi titi shimfiɗaɗɗe, an zaɓi rana, an zaɓi sa'a bisa hasashen yanayi. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk ya taimaka. Wanda ya ce bai taimaka ba shi ma shayi ne ke magana a bakinsa.

Amma ga tambayar da ba ku son a yi muku. Shekara biyu kafin Biyana, ranar 6 ga Mayu, 2017, kamfanin Nike ya shirya irin wannan yunƙuri a filin tseren motoci na Monza a Italiya. Mutum uku aka tsayar: Kipchoge, da Zersenay Tadese na Eritiriya, wanda a lokacin shi ke riƙe da tarihin duniya na rabin fanfalaki, da Lelisa Desisa na Habasha, wanda ya ci tseren Bostan sau biyu. Zagage ɗaya, mota ɗaya, titi ɗaya, iska ɗaya, takalman kamfani ɗaya. Kipchoge ya gama a 2:00:25. Tadese ya shigo a 2:06:51. Desisa kuwa sai 2:14:10, lokacin har gumin Kipchoge ya fara bushewa. To, Malam, idan zagage ne ke gudun, me ya hana su kai waɗancan biyun? Ko su ba su biya kuɗin ja ba ne?

Akwai kuma masu zuwa da fuskar wanda ya tono asiri: "Ka san fa ba a rubuta shi a littafin tarihi ba." Sannu da bincike, ƙanena. Tun kafin a ɗaura igiyar takalmi kowa ya san ba za a rubuta ba, masu shirya abin ma ba su ɓoye ba. Dokar hukumar wasannin guje-guje ta duniya a fili take: zagi sai ya tashi tare da kowa daga layin farko, ba a shigo da sabo a tsakiyar hanya, ba a miƙo ruwa daga keke, kuma tsere sai da abokan hamayya. Biyana ta karya waɗannan da gangan, don tambayar da aka je amsawa daban ce: jikin mutum zai iya ko ba zai iya ba?

Rigimar nan ma ta girmi yawancinku. A Yunin 1953 Roger Bannister na Ingila ya yi gudun mil ɗaya cikin 4:02.0, amma hukumar ƙasarsa ta ƙi karɓa, saboda abokinsa Chris Brasher ya yi ta jan ƙafa da gangan har aka kewayo aka same shi, sannan ya shiga gaba da sauran ƙarfinsa ya ja Bannister. Dabara ce irin ta Biyana, sai dai ta talaka. Da suka dawo ranar 6 ga Mayu, 1954, a Okusfod, sai suka bi doka: Brasher ya ja zagaye biyu, Chris Chataway ya karɓa, Bannister ya ƙarasa a 3:59.4, mutum na farko da ya yi mil a ƙasa da minti huɗu. Yau duk littafin wasanni yana ɗauke da sunansa, kuma ban taɓa jin ɗayanku ya ce a goge shi don an ja shi ba. Ko don shi Bature ne, likita kuma?

Mu bar gwaji, mu koma tsere na gaske, inda doka ke aiki. Barlin, 16 ga Satumba, 2018. An ba Kipchoge zagage uku. Biyu suka sare tun wajen kilomita 15, na ukun, Josphat Boit, ya daure zuwa 25 shi ma ya koma gefe. Saura kilomita 17, ba kowa a gabansa sai iska. Me ya faru? Ƙara wuta ya yi. Rabin farko 1:01:06, rabi na biyu 1:00:33, jimla 2:01:39, ya zabge minti 1 da daƙiƙa 18 daga tarihin da Dennis Kimetto ya kafa a 2014. Wato inda aka bar shi shi kaɗai ya fi sauri a kan inda ake jansa. A 2022 ya koma Barlin ɗin ya rage zuwa 2:01:09. Marigayi Kelvin Kiptum, wanda ya karɓe tarihin a Cikago ranar 8 ga Oktoba, 2023, da 2:00:35, shi ma haka: rabin farko 1:00:48, rabi na biyu, bayan zagage sun watse, 59:47. Yaro ɗan shekara 23. Wata huɗu bayan nan hatsarin mota ya ɗauke shi tare da mai horar da shi a kan hanyar Eldoret, duniya ba ta gama ganin ƙarshen ƙafarsa ba.

A gasar Olamfik kuwa babu zagi ko ɗaya, kowa tasa ta fisshe shi. Kipchoge ya ci zinare a Riyo a 2016. Ya sake ci a 2021 a Sapporo ta Japan, cikin zafi da gumi, inda ya bari aka yi kilomita 30 ana tafiya a dunƙule, sannan ya fice kamar an aike shi, ya ba na biyu tazarar daƙiƙa 80. Kafinsa mutum biyu kaɗai suka taɓa cin wannan tsere sau biyu, Abebe Bikila na Habasha da Waldemar Cierpinski na Jamus ta Gabas. Sannan ku juya kwanon: a Landan a 2020 ga zagage reras, ga takalmi, ga komai, amma kunnen Kipchoge ya toshe cikin ruwan sama da sanyi, ya ƙare na takwas. Ina zagagen suke a ranar? Suna nan. Sun ja, ƙafa ce ba ta amsa ba.

Yanzu ga rabonku, kamar yadda na yi alkawari, ku buɗe hannu. Idan kuna neman hujja mai nauyi cewa ja yana ƙara sauri sosai, ku daina kame-kame da motar haske, ku je wajen mata. Paula Radcliffe ta Ingila ta yi 2:15:25 a Landan a 2003, maza biyu na gudu tare da ita. A 2011 hukumar duniya ta tayar da ƙura a kan irin wannan, har aka kai ga ajiye wa mata tarihi kashi biyu: na tseren da aka gauraya da maza, da na mata zalla. Dalili kuwa namiji zai iya jan mace tun daga farko har kusan layin ƙarshe, abin da ba wanda zai iya yi wa Kipchoge a tseren doka. Ku dubi Tigst Assefa ta Habasha: 2:11:53 a Barlin a 2023 da zagage maza, sannan 2:15:50 a Landan a 2025 a tseren mata zalla, kuma kowanne ya zama tarihi a ajinsa. Mace ɗaya, tazarar kusan minti huɗu. Titin ba ɗaya ba ne, yanayin ma haka, amma ba duka minti huɗun za a ɗora wa rana ba. Hajiya, ke da kika yi shiru tun ɗazu, wannan makamin naki ne, ki riƙe shi, kada ki ara wa mazan nan, ɓata shi za su yi.

Zan ma ƙara muku. Ni kaina, da za a ce in zaɓi wanda zan sake kallo, Sapporo zan ɗauka in bar Biyana. Tseren da aka cika wa zagage yakan zama jerin gwano na kilomita 30, kowa ya yi layi yana bin agogo, ba mai yi wa wani dabara, ba mai gwada wani. Bostan ba ta ɗaukar zagage, Nuyok ma ta daina tun 2007, kuma a irin waɗannan wurare ake ganin wayo da tsoro da rashin kunya: wani ya fizga a kan tudu don ya ji numfashin na kusa da shi, wani ya laɓe a baya kamar ba ya nan. Kipchoge da kansa da ya je Bostan a 2023 ya ja gaba da wuri, tuddan garin suka karɓi harajinsu, ya ƙare na shida. Da kun ce tsere da zagage ba shi da daɗin kallo, da mun sha shayin nan tare ba musu. Inda muka raba hanya shi ne da kuka ce mutumin ba gwani ba ne.

Mai maganar takalmi, na gan ka kana ɗaga hannu. E, takalmin Biyana na musamman ne, mai tudun soso da farantin kabon a ciki, kuma a Janairun 2020 hukuma ta sa doka cewa kaurin tafin takalmin titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma ɗaya. Takalman zamanin nan sun rage lokutan kowa, ba musu. Sai dai yanzu a kasuwa suke, wanda ya zo na ɗaya da wanda ya zo na dubu duk su suke sawa. Kuma a Barlin a 2015 shimfiɗar cikin takalman Kipchoge ta zazzago tun farkon tsere, tana ta faɗar-faɗar a wajen dunduniyarsa har ƙarshe, ƙafa ta yi kanta ta yi jini, ya ci tseren a 2:04:00. Mai maganar ƙwaya kuma, ba zan ce tambayarka ta banza ba ce, don Kenya ta sha kunya a wannan fage. Jemima Sumgong, wadda ta ci zinaren mata a Riyo, an kama ta a 2017. Amma shi Kipchoge tun 2003 yake gaban duniya, lokacin da yana ɗan shekara 18 ya doke Hicham El Guerrouj da Kenenisa Bekele a tseren mita 5,000 a Faris, kuma gwaji bai taɓa kama shi ba. Idan kana da abin da masu gwajin ba su da shi, kai musu. Abin da aka sani shi ne sansanin Kaptagat, can kan tsaunukan Kenya, inda yake kwana a ƙaramin ɗaki, yana karɓar layinsa na shara da wankin banɗaki kamar kowa, yana cin sama da kilomita 200 a mako ƙarƙashin mai horar da shi Patrick Sang.

Abin da ya fi ba ni dariya a maganarku ma ba Kipchoge kuka raina ba, zagagen kuka raina. Kuna faɗin "mutum 41" kamar an je tasha an kwaso 'yan ga-ruwa. A cikinsu akwai Matthew Centrowitz na Amurka, mai zinaren Olamfik na mita 1,500 a 2016. Akwai Bernard Lagat, zakaran duniya sau biyu a 2007. Akwai Selemon Barega na Habasha, wanda bayan shekara biyu ya ci zinaren mita 10,000 a Tokiyo. Akwai 'yan gida ɗaya su uku daga Norwe, Henrik da Filip da Jakob Ingebrigtsen, ƙaraminsu Jakob shi ma ya je Tokiyo ya ɗauko zinare. Irin waɗannan ne aka ce su riƙe saurin kilomita biyar-biyar su fita su huta, shi kuwa ya riƙe shi sau takwas da ɗoriya. Da ya rage 'yan ɗaruruwan mita suka buɗe masa hanya, ya wuce yana nuna 'yan kallo yana dukan ƙirji, suka biyo shi a baya suna tsalle, suka ɗaga shi sama. Haile Gebrselassie da girmansa ya yi wa wasu zagi a Landan a 2014, Mo Farah ma ya yi a 2020. Aikin na buƙatar agogo a cikin ƙafa: a ce maka 2:55 kowace kilomita, ka ba da 2:55, ba 2:50 don 'yan kallo sun yi tafi ba.

Kuma zagi ɗan tsere ne cikakke a idon doka, da lambarsa a ƙirji, ba wanda zai hana shi ƙarasawa idan ya ga dama. A nan ake samun abin dariya. A Barlin a 2000 Simon Biwott ya shiga don ja, ya ji ƙafarsa garau, ya wuce ya cinye tseren. A Cikago a 2001 Ben Kimondiu ya ja Paul Tergat, sannan ya ƙi komawa gefe, ya doke shi da daƙiƙa huɗu. Bayan shekara biyu, ranar da Tergat ya kafa tarihin duniya a Barlin da 2:04:55, zaginsa Sammy Korir ya shigo a 2:04:56. Da titin ya ƙara taku goma, Allah kaɗai ya san sunan wa za a rubuta.

Amma gwanin su duka shi ne Paul Pilkington, Ba'amurke, a Los Anjalis a 1994. An ɗauke shi ya ja, ya ja, ya waiwaya bai ga kowa ba. Manyan sun bar shi ya tafi, suna cewa ai zagi ne, yanzu zai gaji ya fita. Shi kuwa ya ga ba wanda ya zo karɓar hanya, sai ya ci gaba da abinsa har layin ƙarshe, 2:12:13, aka ba shi kuɗi da Marsandi. Can sai ga Luca Barzaghi na Italiya ya shigo da ƙarfinsa, ya tsere wa waɗanda ke tare da shi, yana jiran a yi masa shewar zakara. Sai da aka zaunar da shi aka yi masa bayani. Irin lissafinku ya yi, 'yan uwa, shi ma ya ɗauka na gaban ba kowa ba ne.